Farantan Malama a Bayan Kwantena

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Foman. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani kamfanin ƙera tankuna da ƙofofin ƙarfe, sha biyar daga ciki shi ne shugaban ma'aikata. In ya ƙwanƙwasa ƙarfe da ɗan yatsa zai gaya maka kaurinsa. Ba ya ƙarya, ba ya ha'inci, amma tun da aka san shi ba a taɓa jin ya ce wa wani “koya mini” ba.

Shekarar da ya yi ritaya ita ce shekarar da matarsa ta rasu. Malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata har ta koma ga Allah. Bai gama farfaɗowa daga wannan ba sai kamfani ya aiko da takarda a bar gidan ma'aikata.

'Ya ɗaya gare su, tana aure a wani gari mai nisa. Ta yi juyin duniya ya koma wurinta, ya ce shi da ƙafafunsa ba zai je ya tare a gidan suruki ba. Sai ya kama ciki da falo a wata unguwa da bai san kowa ba.

Gidan yana da ɗan tsakar gida, taku biyar a tsaye, huɗu a kwance. Gefe uku ginin bulo ne. Gefe na huɗu kuwa bayan wata kwantena ce, koriya, fentinta duk ya ɗaɗɗaye. Maigidan haya ya ga tunda ta tare wurin, ba sai ya yi katanga ba. Ƙofar kwantenar tana kallon titi ta ɗaya gefen, shagon wani mai gyaran rediyo da lasifika ne.

Ɗakunan akwai duhu da zafi, don haka Foman ya fito da kujerarsa waje. Nan yake wuni. Ya dafa shayi, ya sha shi kaɗai, ya wanke kofin, ya dawo ya zauna. In ya ɗaga kai, koren ƙarfe. In ya rufe ido ya buɗe, koren ƙarfe. Daga bayan ƙarfen kuma ƙarar rediyo ce iri-iri, wannan ta yi tari ta mutu, waccan ta ɗauko labarai ta yanke a tsakiya.

Wata rana yana neman wani abu a ƙarƙashin gado ya ci karo da kwalin farantan Malama.

Farantan tangaran ne guda tara, na ado, babu wanda ya yi kama da wani. Duk ajin da ta riƙe har suka gama makaranta sukan haɗa mata kyauta, ita kuma ta saba musu da cewa faranti take so. A bayan kowanne ta rubuta shekarar da jan fenti. A tsohon gidansu a baranda ta jera su, inda suke zama da la'asar, tana duba littattafan yara, shi yana gyangyaɗi yana cewa ba barci yake yi ba.

Ya zauna a ƙasa ya warware su ɗaya bayan ɗaya daga tsofaffin jaridu. Da ya gama sai ya leƙa waje ya dubi bangon kwantenar nan. Ya ce a ransa, in dai dole ne ya kalli wani abu duk wuni, gara ya kalli waɗannan.

Washegari ya auna, ya sa alama tara da alli, ya ɗauko injinsa na huda ƙarfe. Ko rabin minti bai yi ba ya ji ana buga masa ƙofa kamar gobara ta tashi.

Mai Rediyo ne. Mutum ne siriri, zai yi shekara arba'in, da tabarau ɗaure da zare a wuya. Ya gaishe shi cikin ladabi yana haki, ya roƙe shi ya dakata. Ya ce a daidai wurin nan ta ciki akwai wayoyin wuta, akwai kuma kanta cike da kayan mutane. In aka huda, damina na zuwa ruwa zai bi ramin ya shiga. Kwantenar ma ba tasa ba ce, haya yake yi.

“Amma Baba, in faranti kake son ratayewa akwai hanya ba tare da huji ba. Ka ba ni zuwa yamma in nuna maka.”

Foman ya dube shi daga sama har ƙasa.

“Kai yaro, lokacin da na fara yanka ƙarfe ko tafiya ba ka iya ba. Ka je ka ji da wayoyinka.”

Mai Rediyo ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya juya. Da yamma maigidan haya ya zo ya tabbatar da maganar: ba huji. Foman ya mayar da injin cikin akwati, ya ƙudura a ransa cewa zai rataye farantan nan ba tare da ya nemi kowa ba.

Ya je kasuwa ya sayo gam mai ƙarfi, irin mai bututu biyu da ake gaurayawa. Ya goge ƙarfen da samfefa, ya shafa, ya manna faranti uku, ya tokare su da katako har suka kama. Kwana biyu suna nan daram. Ya riƙa kallonsu yana murmushi, har ya so a ce akwai wanda zai nuna wa.

Abin da bai lissafa ba shi ne gam ɗin bai kama ƙarfe ba, tsohon fenti ya kama. Rana kuma tana dukan kwantenar tun hantsi, har ba ka iya ɗora mata hannu. A rana ta uku, yana cikin ɗaki bayan azahar, ya ji tas.

Farantin mai hoton tsuntsaye biyu ne. Ya faɗo da ɓawon fentin a bayansa, ya rabu gida shida.

Ya tsince gutsattsarin a cikin hularsa. Ya daɗe a tsugune, gwiwoyinsa na ciwo, bai tashi ba. Mai hankali da ya sauke sauran biyun a ranar. Shi kuwa sai ya ce laifin gam ne, ya ƙara musu wani a gefe da gefe, ya liƙa salatif mai kauri.

Bayan kwana huɗu aka kawo wa Mai Rediyo wata ƙatuwar lasifika ta masu taro. Da ya gama gyara ya kunna don gwaji. Duk kwantenar ta ɗauki rawa. Foman yana zaune a kujerarsa, yana kallo da idonsa farantin mai furanni shuɗi ya saki bango. Ya miƙa hannu, amma ina.

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya zagaya ta lungu ya faɗa shagon, mutane uku na zaune a benci suna jiran kayansu. A gabansu ya wanke Mai Rediyo tas. Ya ce masa marar tarbiyya, ya ce da gangan ya yi don an ƙi shawararsa, ya ce wanda ya rasa sana'a shi ke zama cikin gwangwani yana damun unguwa.

Mai Rediyo ya kashe lasifikar. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya ce bai san an manna wani abu a bangon ba, da ya sani da ya fitar da ita waje. Ya ba da haƙuri sau biyu. Ɗaya daga cikin mutanen ya buɗe baki zai rama masa, Mai Rediyo ya ɗaga masa hannu ya hana shi.

Daga ranar bayan kwantena ya yi tsit.

Mai Rediyo ya ja waya zuwa bakin titi, can yake gwada komai a cikin rana. Rediyon da yakan bari tana yi masa hira yana aiki ma ya daina kunnawa. Da farko Foman ya ce madalla, an samu lafiya. Kwana biyu, uku, sai shirun ya fara yi masa nauyi. Ashe da wannan hayaniyar yake sanin gari ya waye sosai, da ita yake sanin an tafi cin abinci, da ita yake sanin yamma ta yi. Ashe tarin Mai Rediyo da 'yar waƙar da yake yi ƙasa-ƙasa in aiki ya yi kyau su ne kaɗai muryar mutum da ke shigowa gidan. Yanzu sai ƙarar cokali a kofi, sai numfashinsa.

Ya sauke faranti na ukun da ƙyar, ya kankare gam ɗin, ya mayar da bakwai ɗin kwali. A bango aka bar tabo uku da alamun alli.

Ranar Lahadi 'yarsa ta kira kamar yadda ta saba. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana shan maganinsa, ko ya yi abokai a unguwar. Ya ce mata sosai ma, maƙwabta ba sa barinsa ya huta. Ta yi dariya ta ce hankalinta ya kwanta. Sai ta ce, “Baba, farantan Mama suna nan ko? Ka adana mini su, ina so yarana su san su.”

Ya ce, “Suna nan, Uwata.”

Da ya ajiye wayar ya ji kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Mutumin da bai yi wa kamfani ƙarya ba shekara talatin da huɗu, yau ya yi wa 'yarsa biyu a cikin minti ɗaya.

Sai da ya ƙara kwana uku yana jan ƙafa. Ranar farko ya kai bakin lungu ya dawo. Rana ta biyu ya wuce ta gaban shagon kamar mai zuwa sayen sukari, bai ko waiwaya ba. A ta uku, da hantsi, ya ga babu kowa a benci, ya tsaya ya yi sallama.

Mai Rediyo ya miƙe da sauri, ya share masa kujera da hannun riga. Foman bai zauna ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

“Na zo ne kan maganar ranar nan. Ban kyauta ba. A gaban mutane na ci maka mutunci, kuma ba ka da laifi. Farantan na matata ne, ta rasu.” Ya ɗago kai ya dube shi. “Ka ce akwai hanya. In ba ka fasa ba, ka koya mini.”

Mai Rediyo ya yi wa Malama addu'a, ya ce komai ya wuce. Sannan ya nuna masa bangon shagon ta ciki. Sukundireba, filaya, almakashi, duk a manne jikin ƙarfe, babu ƙusa ko ɗaya. Ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, cike da baƙaƙen zobba masu nauyi.

Mayen ƙarfe ne, wanda ake cirewa daga bayan matattun lasifiku. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da bango, zoben ya ƙwace daga hannunsa ya manne, ƙam. Ya ce Baba ya gwada cirewa. Foman ya ja da hannu ɗaya bai motsa ba, sai da ya sa biyu ya zame shi gefe.

Sai Foman ya fashe da dariya, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba har ta koma tari. Ya ce shekara nawa yana ɗaga ƙarafa da mayen ƙarfe a kamfani, amma girman kai ya rufe masa ido bai tuna ba.

Sai dai Mai Rediyo ya ce akwai inda shi ma ya tsaya. Mayen zai kama bango, amma tangaran ba ƙarfe ba ne. Shi da gam ya yi niyyar haɗa su, kuma ga abin da gam ya yi.

Nan idon Foman ya buɗe. Ya ce a ba shi waya mai kauri da filaya. Yana zaune a kan benci ya lanƙwasa wayar ta zama ƙugiya uku masu rungumar bakin faranti, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ya haɗe su ta baya, ya ɗaure su da mayen ta cikin ramin tsakiyarsa. Ya sa aka yanko siririyar robar tsohuwar taya, ya naɗe bakin ƙugiyoyin kada su ci tangaran, ya shimfiɗa wata 'yar ƙarama a fuskar mayen don kada ya zame. Mai Rediyo ya tsaya yana kallon hannuwan tsohon nan, ya ce shi kam bai taɓa ganin waya ta yi biyayya haka ba.

Ba su fara da farantan Malama ba. Da farantin cin abincin Foman suka gwada, suka bar shi kwana uku a rana. Mai Rediyo ya kunna lasifika mafi girma a shagon har tagogin maƙwabta suka yi ƙara, farantin ko gezau. Sannan suka rataye bakwai ɗin, manya da mayen ƙarfe biyu-biyu, nesa da inda ruwan rufi ke zuba.

Bayan haka rediyo ta dawo. In shayi ya nuna, Foman yakan ƙwanƙwasa bango sau biyu, Mai Rediyo ya zagayo da kofinsa. A nan Foman ya ji cewa mutumin ma shi kaɗai yake kwana a gari, iyalinsa na ƙauye, sai ƙarshen wata yake ganinsu. A nan kuma Foman ya fara ba wani labarin Malama da bakinsa, faranti bayan faranti, aji bayan aji. Ya kira 'yarsa ya gaya mata gaskiyar biyun da suka fashe. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta ce ya ba ta Mai Rediyo ta gode masa.

Wata biyar suka yi a haka.

Sai aka zo faɗaɗa titi. Aka shafa jan fenti a duk shagunan bakin hanya, aka ba su mako biyu. Mai kwantenar ya samo wani fili a can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai.

Mai Rediyo ne ya kawo labarin, ya kasa haɗa ido da shi. Foman ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ƙara masa shayi, amma nasa kofin har ya huce bai taɓa ba.

Ana gobe tashi suka zame farantan daga bango, cikin minti goma, babu ko ƙwarzane. Mai Rediyo ya ce da an huda, yau da mai kwantena ya sa shi a gaba.

Ranar ɗauka aka zo da mota mai ƙugiya. Direban yana sauri, ya zura sarƙa ta ƙarƙashin tsakiya zai ɗaga. Foman, da ya fito don yin sallama kawai, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa gindin kwantenar, ya ce a tsaya. Tsatsa ta cinye tsakiyar, in aka ɗaga ta nan za ta karye da duk kayan mutane a ciki. Direban ya fara cewa Baba ya matsa gefe. Da a da ne da an ji su har bakin kasuwa. Wannan karon Foman ya kama hannunsa a hankali, ya kai shi ya nuna masa inda ƙarfen ke ɓarɓashi, ya ce, “Ɗana, kai ka san motarka, ni na san wannan. Mu haɗa.”

Suka ɗaura sarƙa a kusurwa huɗu. Kwantenar ta tashi lafiya, ta sauka a bayan mota lafiya.

Da motar ta tafi, tsakar gidan Foman ya zama fili, ana hango titi da masu wucewa. Bayan kwana biyu maigidan haya ya sa aka ja katangar bulo. Mayen ƙarfe ba ya kama bulo. An ce masa yanzu yana iya buga ƙusa son ransa, ya ce to, amma bai buga ba. Ya koma shan shayi shi kaɗai, babu tari, babu waƙa.

Mako guda ya yi haka. Ranar Litinin ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya ɗauki kwalin da filayarsa, ya hau mota biyu.

Ya tarar da Mai Rediyo zaune a sabon wurin ya yi tagumi, babu wanda ya san shi a can, benci wayam. Da ya hango tsohon tafe da kwali a ka, ya taso da gudu ya karɓe shi, yana faɗan me ya sa bai kira an je an ɗauko shi ba.

Foman ya ce ya zo neman aiki ne, in akwai gurbin ɗan koyo. Ba ya son albashi, kujera kawai da ruwan zafi.

Suka manna farantan a jikin kwantenar ta waje, gefen da inuwa take. Masu wucewa suka fara tsayawa kallo, mai tsayawa kuma yakan tuna yana da matacciyar rediyo a gida. Foman ya koyi riƙe ƙarfen dalma yana da shekara sittin da bakwai, yana ƙona yatsa Mai Rediyo na yi masa dariya. Kowace yamma sukan sauke farantan su shigar ciki, shi kuma ya hau motocinsa biyu ya koma ɗakinsa.

Ɗakin yana nan yadda yake, shiru, kuma Malama ba za ta dawo ba. Amma yanzu in ya makara da safe, wayarsa takan yi ƙara, a ce, “Baba, lafiya dai? Ruwa ya tafasa tun ɗazu.”

Darasi: Komai gwanintarka, akwai abin da maƙwabcinka ya sani kai ba ka sani ba, kuma girman kai ba ya ƙara wa mutum komai sai asara da kaɗaici. In ka yi kuskure, taka da ƙafarka ka ba da haƙuri tun ana jin muryar juna. In kuma kai aka ɓata wa, ka yi haƙuri, ba ka san abin da ke cin zuciyar mai faɗan ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, sannan ku leƙa dattijon da ke zaune shi kaɗai a unguwarku, ko da gaisuwa ce.